Ba a Taka Ɗanyen Daɓe

Marlys na cikin juya kujerar mijinta Arvid ta fuskanci tafki sai injin ya fara. Ƙara ce mai shiga har cikin haƙora. Kofin da ta ajiye a kan tebur ya kama rawa yana matsawa baki-baki, ta cafke shi kafin ya faɗi. Da ta waiga sai ga farar ƙura na tashi daga fili na tara, inda motarsu mai ɗaki take tsayawa kowace bazara.

"Duane!" ta ƙwala masa kira. Ina! Mutumin da ya toshe kunnuwa ya hau ƙaramar katafila, ko aradu ce ta faɗi ba zai ji ba.

Da sassafe ya zo ya roƙe ta ta janye motar zuwa kan ciyawa, ya rantse ba zai taɓa daɓensu ba sai ta ɗauki Arvid sun tafi gari. Rantsuwar Duane ke nan. Tun yana saurayi haka yake, da ya ga inji a kunne sai hankalinsa ya bar jikinsa, ga shi yanzu har da jikoki da tumbi bai sauya ba.

Zangon nasu ba wani babba ba ne, layi biyu ne na filaye a bakin tafki, can arewacin jihar Minnesota ta Amurka, inda masu motoci masu ɗaki ke zuwa su kama kifi su ƙona nama da sunan gashi. Tun da suka sayar da gida Marlys da Arvid ke tsaron wurin. Ita ke tarbar baƙi, ta nuna musu inda za su jona wuta da ruwa, ta raba faɗan karnuka. In sanyi ya kawo kai su tayar da motarsu su bi tsuntsaye kudu. Kowane fili yana da daɓen kankare da mota ke hawa, kuma hunturu ya gama da su. Ƙasa ta daskare ta kumbura ta ɗaga daɓe, ta narke ta sake shi, shekara da shekaru, har suka tsattsage, nan ya tashi can ya nutse. A fili na tara in ka fasa ƙwai a kasko, gefe guda yake tserewa. Bara wata mata ta yi tuntuɓe ta karya wuyan hannu, mai zangon ya ce ya isa haka, a fasa su duka a zuba tsakuwa, ita ko ƙasa ta yi rawa ba ruwanta.

Abin da mai zangon bai damu da shi ba, Arvid Lindqvist ne ya zuba daɓen nan da hannunsa, tun lokacin yana da gashi a ka. Yanzu ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Wata rana ya kira matarsa da sunanta, wata rana ya ce mata baiwar Allah. Watan jiya tana wanka ya buɗe ƙofa ya fice, sai wani direban motar gungume ne ya tsince shi a tsakiyar babban titi, sanye da silifas, yana bin farin layi. Tun ranar 'yarsu Gretchen ta nema masa gado a gidan kula da tsofaffi a birnin Duluth. Ta ce yau za ta zo ta gani da idonta, in ta ga abin da bai yi mata ba, da shi za ta koma. Kuma yau ɗin ce Duane ya zaɓa ya farfasa wa mutumin aikinsa a gaban idonsa.

"Wa ke fasa kankare?" in ji Arvid. Ya riga ya miƙe tsaye.

Ka ji fa. Mutumin da jiya ya riƙe cokali yana tambayarta sunansa, amma ƙarar fasa kankare bai manta ba.

"Zauna ka sha kofinka, Arv. Dubi, agwagi sun dawo."

Ko kallon agwagin bai yi ba. Ya nufi wajen ƙurar da tafiyarsa ta mai gwiwoyin da suka ƙare a durƙuso, ita kuma ta bi shi. Ta san yadda yake in ransa ya ɓaci. Rannan saboda an canza masa hula ya yini yana kuka yana dukan tebur. In Gretchen ta iso ta tarar da shi a haka, magana ta ƙare.

Duane ya hango su ya kashe inji, ya sauko yana sosa ƙeya. Shekarun baya ya yi aiki a ƙarƙashin Arvid, har yau bai iya kiran sunansa gatsal ba.

"Maigida, barka da hantsi. Marlys, wallahi tifa ce ta bugo ta ce tana hanya, shi ya sa na..."

"Rufe min baki," ta ce ƙasa-ƙasa.

Arvid bai kula su ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani gutsuren kankare, ya juya shi, ya kankare ƙasan da farce. Ya leƙa ramin da aka ɓanɓare, ya daɗe yana kallo. Marlys ta matso ta riƙe gefen rigarsa.

"Wa ya zuba wannan?" ya tambaya.

Duane ya dubi Marlys. Ta girgiza masa kai kaɗan.

"Wasu ne, Maigida. Tun da daɗewa."

"Ragwaye," in ji Arvid, ya jefar da gutsuren. "Dubi ƙarƙashinsa, yumɓu ne zalla. A ƙasar sanyi ka zuba kankare a kan yumɓu? Da yarona ne ya yi wannan, da na kore shi kafin abincin rana."

"Ai kuwa na sha kora a hannunka, Maigida."

Arvid ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya a kan tumbin. "Daga ganinka ka cancanta."

Duane ya cire hula ya toshe baki da ita, kafaɗunsa na rawa. Marlys ma ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta tuna shekarar da aka yi aikin nan. Arvid ya yi ta faɗa da mai zangon na wancan lokaci a kan a fara shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, mutumin ya ƙi, Arvid ya dawo gida ya cika mata kunne har ta ce ko ya yi shiru ko ya kwana a gareji. Yau ga shi ya zagi kansa bai sani ba. Ta ji tausayinsa ƙwarai, ta kuma ji sanyi a ranta da abin ya tsaya a nan.

"Ci gaba da aiki," Arvid ya ce wa Duane. "Ka kwashe yumɓun nan duka, kada ka yi min ha'inci."

"An gama, Maigida."

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da farar motar Gretchen ta shigo tana kauce wa tarin ɓaraguzai. Ta fito da kwalin burodin kirfa a hannu, doguwa kamar ubanta, da tafiyar mai sauri ko ba inda za ta. Ta nufi kujerar da Marlys ta sake zaunar da uban nata, ta sunkuya ta sumbaci goshinsa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, baiwar Allah. Fili kike nema? Matar can ce ke bayarwa."

"Na gode, zan yi mata magana," in ji Gretchen. Ta saba, ko fuskarta ba ta motsa ba. Ta ɗora masa burodi ɗaya a cinya, ta dawo tebur ta zauna tana fuskantar uwarta.

"Kin rame, Mama."

"Ke kuma kin ƙara ƙiba, kin ga mun yi daidai."

"Ba faɗa na zo yi ba."

"Wa ya ce faɗa? Zuba kofi."

Suka sha kofi, suka taɓa zancen yaran Gretchen da mijinta da rufin gidansu mai yoyo. A bayansu tifa ta shigo da baya tana ƙara, ta juye tsakuwa. Irin niƙaƙƙen dutsen nan ne mai haɗe da garinsa, ruwan toka. Marlys na magana tana satar kallon kujerar Arvid, yana nan yana gutsurar burodinsa.

"Na je na ga ɗakin," Gretchen ta ce daga ƙarshe. "Tagarsa na kallon lambu. Akwai masu kula da shi dare da rana. Ƙofar waje ba ta buɗuwa sai ma'aikaci ya buɗe."

"Kurkuku mai lambu ke nan."

"Haba, Mama."

"Na sa ƙararrawa a ƙofarmu. Da ya taɓa zan ji."

"Ƙararrawar da ya kwance ya sa a aljihu? Ke da bakinki kika gaya min." Gretchen ta ture kofinta gefe. "Yaushe rabonki da ki yi wanka ki rufe ƙofa? Yaushe rabonki da barcin rana? Sati mai zuwa za a buɗe zangon nan, motoci su yi ta shiga da fita, kina can kina nuna wa wani inda zai jona ruwa, shi kuma yana ina?"

"Yana gefena, kamar kullum."

"Direban nan ya gaya min, Mama. Ya ce da ya taho da gudunsa na kullum da bai iya tsayawa ba." Muryarta ta karye. "Ni ba na so a bugo min waya a ce in zo in duba ko shi ne."

Marlys ta kau da kai. Ta san gaskiya yarinyar ke faɗi, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta kuma san abin da ba za ta iya faɗa wa 'yarta ba, cewa tsoro take ji. Tsoron ta farka a motar nan ita kaɗai, ta dafa kofi na mutum ɗaya. Ko bai san sunanta ba, jikinsa ya san gefen da yake kwanciya, kuma in ya firgita hannunta yake nema. In aka kai shi wancan ɗakin zai nemi hannun ya rasa, ba zai ma san abin da ya rasa ba. Ta miƙa hannu ta riƙe na Gretchen, suka sunkuyar da kai su biyu suna kallon tebur.

Da ta ɗaga kai, kujerar ba kowa. Rabin burodin na ƙasa.

"Arv!"

Gretchen ta riga ta zabura ta nufi ƙofar zango, wajen titi, tana ƙwala "Baba! Baba!" Marlys ta yi wajen tafki. Ta duba gadar katakon da ake ɗaure jirage, ta duba cikin ciyayin bakin ruwa. Ba kowa sai agwagi. Wayyo Allah, ta ce, yau kuma? Sai ta ji fito mai ƙarfi daga bayan tifa, Duane ne ya sa yatsu a baki yana ɗaga mata hula.

Arvid na can tsakiyar fili na tara da manjagara a hannu. Duane ya riga ya kwashe yumɓun, ya shimfiɗa baƙin kyalle a ramin, ya baza tsakuwar da katafila sama-sama, Arvid kuma ya karɓi sauran aikin ba wanda ya ba shi. Ya fara daga can ƙarshe yana ja da baya, ya tura manjagarar ya jawo, ya juya bayanta ya shafe, ya ja baya taki ɗaya, ya sake. Duk inda ya gama ba ya ƙara sa ƙafa. Hannun da ke zubar da miya a riga, yau ko karkarwa babu.

"Na juya kawai na gan shi a ciki," in ji Duane. "Na ce ya ba ni, ya ce in je in nemo aikin da na iya."

Gretchen ta iso tana haki, fuskarta ja wur. Ta taka kan tsakuwar za ta karɓe manjagarar.

"Ke! Baya!" Arvid ya daka mata tsawa.

Ta yi tsalle ta koma kan ciyawa kafin ta san ta yi, mace mai 'ya'ya a jami'a. Ta tsaya tana mayar da numfashi, sannan ta juyo wajen uwarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kin gani? Mu biyu muna zaune, ido huɗu, ya tashi ba mu sani ba. Yau nan ya zo. Gobe fa?" Ta share ido da bayan hannu. "Ki haɗa masa kayansa, Mama. Da shi zan tafi."

Marlys ta juya tana kallon mijinta.

Suka bar shi ya gama. Ya fito ta ƙarshen filin da baya, ya jingina manjagarar, gumi ya jiƙa masa riga. Marlys ta kai shi mota ta ba shi miyar kaza da burodi, ya cinye tas, abin da ya daɗe bai yi ba. Ko takalmi bai cire ba ya kwanta a gadon baya, barci ya kwashe shi.

A waje Duane ya jawo tiyo ya jiƙa tsakuwar sharkaf, ya tayar da injin daɓe ya bi ta kai da kawowa, ya ƙara ruwa, ya sake bi. Garin dutsen ya shige tsakanin tsakuwar ya kame, filin ya fito sumul, ruwan toka mai duhu, yana ɗan sheƙi. Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali.

"Hau da motarki, Marlys. Ko tankar yaƙi ce zai ɗauka." Ya ga fuskarta, ya sauke murya. "Ki yi haƙuri da na safe. Ban san yau ce ranar ba."

"Ba kai ba ne, Duane. Je ka ci abincinka."

Ta tayar da motar ta ja da baya sannu sannu don kada ya farka. Da ta kashe inji ta lura ƙofar kabad ɗin da kullum ke buɗe kanta ta tsaya cak. Karo na farko motar ta zauna daidai, a ranar da ba ta da amfanin hakan. Ta ciro jaka ta fara ninke rigunansa. Gretchen ta shigo ta tattara magunguna da abin aski. Suka fito da jakar tare, suka kai ta motar Gretchen da ke gefen hanya.

Suna rufe but ɗin motar suka ji ƙofar mota mai ɗaki ta buɗe. Arvid ne, gashin gefen kansa a tsaye saboda barci. Ya sauko matakala ta farko, ya sauko ta biyu, ya miƙa ƙafa zai taka ƙasa. Sai ƙafar ta tsaya a sama. Ya dubi filin dama da hagu, ya janye ƙafarsa ya mayar kan matakala.

"Baba, sauko mu tafi," in ji Gretchen da muryar lallashi. "Yawo zan kai ka."

"Ba a taka ɗanyen daɓe."

"Tsakuwa ce, Baba, ba kankare ba. Duba." Ta tako ta tsaya a gabansa, ta buga ƙafa. "Ka gani? Da ƙarfinta."

"Sauka! Ba ki da ido ne? Mutane sun sha wahala sun shafe shi, ke kin zo kina rawa a kai!"

Ta kama hannunsa ta ja kaɗan, ya damƙe ƙarfen ƙofa da ɗaya hannun. Tsoho ne, amma hannun mai kankare ne, ko motsi bai yi ba. Ta nuna masa burodin kirfa, ya ce ta ajiye sai gobe. Ta haƙura ta koma kan ciyawa. Shi kuwa ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ƙafafu a matakala, ya harɗe hannu yana gadin aikinsa. Bai tambayi yadda aka yi mota ta hau kan ɗanyen daɓe ba. Ciwon nan shi ke zaɓar abin da mutum zai tambaya.

"Sai mu kira Duane ya taya mu ɗauko shi," in ji Marlys. Muryarta a mace take.

Gretchen ta tsaya cak. Tana kallon ubanta da wani irin kallo.

"Zo, Mama," ta ce. "Zo mu ɓuya."

"Mu me?"

"Ke dai zo."

Ta ja ta bayan ɗakin wanka na zangon, inda suke ganinsa ta kusurwa shi ba ya ganinsu. Da ma in Marlys ta ɓace masa ko na ɗan lokaci ne yake tashi nema, neman nan ne ke kai shi titi. Suka tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya miƙe. "Marlys?" ya kira, da sunanta sak, har ta yunƙura za ta fita Gretchen ta riƙe ta. Ya sauko matakala ta ƙarshe, ya sake kira, ya miƙa ƙafa. Ƙafar ta yi lilo a sama. Ya janye ta, ya koma ya zauna. Can ya sake gwadawa, ya sake komawa. Inuwar itatuwa ta matsa, Duane ya gama cin abinci ya koma fasa fili na goma, Arvid na nan inda yake.

"Ina ƙarama na taɓa taka masa daɓe a gidan su Ostby," Gretchen ta ce a hankali. "Ranar kaɗai ya taɓa yi min tsawa a rayuwata, sai kuma yau." Ta juyo. "Mama, ba zai taka ba. Muddin yana ganinsa da danshi ba zai taka ba."

"Zuwa gobe ya bushe ya yi fari."

"In kin bar shi ya bushe."

Marlys ta dube ta. Ta gane, ta kuma so a ce ba ta gane ba.

"Ki jiƙa shi da safe, ki jiƙa da yamma. In ya tambaya ki ce yau aka zuba. Zai yarda, tunda gobe ba zai tuna yau ba."

"Kina so in yi wa ubanki ƙarya kullum, safe da yamma?"

"Ina so ya kwana a gadonsa, kada kuma mota ta bi ta kansa. Ke me kike so?"

"Ɗazu kika ce ƙofar da ba ta buɗuwa, na ce kurkuku. Wannan fa? Da aikinsa za mu ɗaure shi, Gretchen. Abu ɗaya da ya rage masa a kai, shi za mu mayar sarƙa."

"In za ku fita tare ki shimfiɗa masa katako ya bi ta kai, kamar yadda suke yi a wurin aiki. Ku je bakin ruwa, ku je gari, ku je coci. In kun dawo ki ɗauke katakon." Gretchen ta share hanci. "Ni ma ba daɗi nake ji ba, Mama. Amma ko wannan, ko jakar nan da ke but. Ban da na uku."

Marlys ta leƙa ta kusurwa. Yana zaune yana kora wani tsuntsu da hula don kada ya sauka a kan daɓen. Ta ji haushin Gretchen, ta ji haushin Duane da tsakuwarsa, ta fi jin haushin kanta, domin tun kafin yarinyar ta gama magana wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjinta.

"Gwaji ne," in ji Gretchen. "Ranar da ya taka shi kaɗai, ko sau ɗaya ne, ki bugo min. Kada ki ɓoye. Ki yi min alkawari."

"Na ji."

"Ba ji na ce ba."

"Na yi alkawari. Kai, kin cika naci, halin ubanki sak."

Gretchen ta je ta buɗe but ta sauke jakar a kan ciyawa. Ta ce za ta hau wajen ƙofar zango inda waya ke kamawa, ta gaya wa mutanen Duluth su ba wani gadon. Ta tafi da saurin nan nata, ba ta waiwayo ba.

Marlys ta dawo ta tsaya a gefen filin. Rana ta karkata amma da sauran zafinta, gefunan tsakuwar sun fara yin fari, farin yana cin hanya zuwa tsakiya. Arvid ya ga ta dawo, fuskarsa ta saki. Ya nuna mata gefen da yatsa.

"Ya fara kamawa," ya ce da murna. "Gobe war haka an taka shi. Sai in sauka in duba musu sauran, yaran nan in ba ka tsaya a kansu ba ɓarna suke yi."

"Haka ne, Arv."

Ta daɗe a tsaye. Tiyon da Duane ya bari yana nan a naɗe kusa da famfo. Ta sunkuya ta ɗauka, ta murɗa famfon, ta toshe bakin tiyon da babban yatsa ruwan ya bazu. Ta fara daga gefen da ya fi fari. Duk inda ruwan ya sauka duhun ya dawo.

"Yauwa!" in ji Arvid, har da tafa cinya. "Haka ake yi! A hankali, kada ki haƙa shi. In ba a ba shi ruwa ba rana ta sha shi ya tsage. Ba kowa ya san wannan ba fa." Ya karkata kai yana kallonta da sha'awa. "Wa ya koya miki, baiwar Allah?"

"Mijina."

"To ki gaishe shi. Ya san aiki."

"Zai ji," ta ce. Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta, ta ja tiyon zuwa ɗaya kusurwar.